Bututun sawu na Black Trakka: amfaninsa da iyakarsa a tsibirin da aka mayar wa da ƙwari

Ranar da aka saki ƙwari a tsibiri ba ita ce mai wuya ba. Wuyar tana zuwa ne bayan watanni, lokacin da ake neman sanin ko ƙwarin suna raye, da kuma ko ɓera, mai cinye su, ya sake kutsowa. Bututun sawu na Black Trakka, wanda kamfanin Gotcha Traps na Niyuzilan ke yi, yana taimakawa wajen amsa tambayoyin biyu a dare ɗaya. Kaya ne mai kyau, muddin an san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Baƙin bututu ne na roba mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar rabin mita, a buɗe gaba da baya, ana kafe shi a ƙasa da lanƙwasasshiyar waya. A ciki ake shimfiɗa farin kwali mai tawada a tsakiya. Dabba ta shiga neman abinci, ta taka tawadar, ta bar sawu a hanyar fita. Kwalin yana zuwa da tawadarsa a shafe, an ninke shi a kanta. Wannan ya raba ma'aikaci da tsohuwar wahalar jiƙa soso da kalar abinci, wadda zafin rana ke busarwa kafin dare ya yi.

Tsarin da DOC, ma'aikatar kare halittu ta Niyuzilan, ta shimfiɗa don ɓeraye shi ne bututu 10 a layi ɗaya, mita 50 tsakanin kowane biyu, layi da layi kuma aƙalla mita 200. Ana ajiye bututun ba kwali na mako 3 tukuna, domin ɓera yana ƙyamar sabon abu a hanyarsa. Wanda ya tsallake wannan matakin zai kwashi fararen kwalaye marasa sawu ya ɗauka lafiya lau ne. Daga nan sai a zaɓi daren da ba ruwa, a sa kwali da ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a kwashe da safe. A rubuta lambar bututu da kwanan wata a jikin kwalin tun a wurin, kafin su cakuɗe a jaka.

Karanta sawun yana buƙatar sabo. Ƙafar gaba ta ɓera yatsu huɗu take nunawa, ta baya biyar. Kulɓa tana barin siraran yatsu da layin jan jela. Sawun weta, wani babban ƙwaron Niyuzilan ɗan uwan gyare, jerin ɗige-ɗige ne daga tausasan tafukan ƙafarsa, kuma a nan ne kayan ya fi burgewa. Wetapunga, mafi girma a cikinsu, wanda aka taɓa auna macensa mai ƙwai ta kai giram 71, a da ya rage ne a tsibirin Hauturu kaɗai, inda aka kawar da ɓeraye a 2004. An hayayyafa shi a killace, aka fara sakinsa a tsibirin Motuora a 2010, sai tsibirin Tiritiri Matangi a 2011. Ƙwaro ne na dare, mai zama a kan bishiya, ana iya kwana ana haska fitila ba a ga ko ɗaya ba. Amma yana saukowa ƙasa, yana son gyaɗa, kuma tsawon sawun babbansa ya isa a bambanta shi da sauran weta. Ƙananan ne matsalar, sawunsu yana kama da na wasu jinsunan, don haka kwalin ba zai tabbatar da an yi haihuwa ba sai 'ya'yan sun girma.

Inda bututun yake kasawa a fili yake. Dodon koɗi yana cin kwalin, tururuwa ta cinye gyaɗar tun da magariba, ruwa in ya shigo ta baki ya narkar da sawu. Shi ya sa ake kafa shi a wuri mai lebur, ba a kwari ba, bakinsa daidai da ƙasa. Inda kulɓa ta yi yawa, sai ta tattake kwalin har sawun ƙwaro ya ɓace a ƙarƙashi. Ƙwari masu tashi kuwa, irin su malam buɗe littafi, ba ruwansa da su.

Babban haɗarin shi ne yarda da farin kwali. Bututun yana nuna cewa dabba ta wuce, ba ya ƙirga ta, kuma rashin sawu ba shaidar rashin ɓera ba ce. A binciken masanin kimiyya James Russell da aka buga a 2005, ɓera ɗaya tak da aka saka a tsibirin Motuhoropapa ya kauce wa tarkuna da karnuka har mako 18, ya ma yi iyon mita 400 zuwa tsibirin Otata. Ɓeran da ya samu tsibiri cike da abinci ba ya damuwa da ɗigon gyaɗa. Saboda haka a tsibirin da aka zuba ƙwari masu wuyar samu, a haɗa bututun da tarkuna na dindindin a bakin gaɓa da wurin saukar jiragen ruwa, da karen da aka horar a kan warin ɓera.