Sauraron kiɗan falo a Spotify: akwai daɗi, amma sai an gyara saiti

Kalmar "salon" a Faransanci tana nufin falo, ɗakin da ake tarbar baƙi, ba ta da alaƙa da "salo" ta Hausa. A ƙarni na 19, manyan gidajen Paris da Biyana da Balin sukan tara baƙi da maraice, wani ya zauna gaban fiyano ya kaɗa gajerun kiɗe-kiɗe masu taushi, na minti 3 zuwa 5. Wannan shi ake kira kiɗan "salon", wato kiɗan falo. Daga baya kiɗan ya fita daga gidaje ya koma otal-otal, gidajen shan gahawa, jiragen ruwa da sinimomin da fim ɗinsu ba ya magana. Da fim mai sauti ya shigo a 1927, ga kuma rediyo da faifai sun bazu, makaɗa da yawa suka rasa abin yi. Yanzu kiɗan ya dawo da sunan kiɗan hutu, kuma mafi yawan masu nemansa a manhajojin sauraro suke samunsa. Tambayar ita ce ko Spotify ta dace da shi.

Ta fuskar yawan kaya, babu ƙorafi. Matsalar farko tana wurin nema. Wanda ya rubuta "salon" kawai zai iya faɗawa cikin jerin waƙoƙin da aka haɗa don shagunan gyaran gashi. Gara a rubuta kalmomin Jamusanci "Salonmusik" ko "Salonorchester", ko ta Ingilishi "palm court", sunan da otal-otal ɗin Ingila suka ba zauren shan shayi inda ake wannan kiɗa. Mafi kyau ma a nemi sunan ƙungiya. I Salonisti ta birnin Bern a Suwizalan, wadda aka kafa a 1981, mutum 5 ce: fiyano, goge biyu irin na Turawa, celo (goge matsakaici), da babban goge mai kaurin murya. Su ne suka fito a matsayin makaɗan jirgi a fim ɗin Titanic na 1997. A nan ya kamata sabon mai sauraro ya fara, domin da mutum 5 kunne yana iya bin kowace murya daban, kuma babu ganga ko kakaki da zai firgita mutum.

Jerin da wasu suka haɗa sukan cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. André Rieu, wanda ya kafa ƙungiyarsa a Maastricht a 1987, ya taimaka ƙwarai wajen farfaɗo da wannan kiɗa, amma makaɗansa sun kai gommai, kuma yawancin abin da aka naɗa a dandali yana ɗauke da tafi da sowa. Kiɗan biki ne, ba na kishingiɗa ba. Max Raabe da Palast Orchester ta Balin, wadda ta fara a 1986, waƙoƙin rawa na shekarun 1920 da 1930 suke yi, da murya da kalmomi, kuma kalmomi suna janye hankalin mai karatu ko da bai jin yaren. Na ukun shi ne fiyanon zamani da ake dusashe sautinsa, ana maimaita 'yan amo huɗu har ƙarshe. Wannan ba kiɗan falo ba ne ko kaɗan, duk da ana yawan saka shi a ciki.

Bambancin yana da muhimmanci. An gina kiɗan falo na gaskiya a kan karin da mutum zai iya rerawa, kuma mai goge yakan ja lokaci ya sake shi, ya ɗan jinkirta kafin amo mai tsayi sannan ya cimma sauran. Sauti yana hawa yana sauka kamar numfashi. Hutun da kiɗan ke bayarwa daga wannan numfashin yake fitowa, kuma shi ne abin da saitin manhaja zai iya ɓatawa.

Babban abin lura shi ne daidaita ƙarar sauti. Spotify tana jawo kowace waƙa zuwa ma'auni ɗaya, wato -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti) a matakin tsakiya, kuma masu biyan kuɗi suna iya zaɓar mai ƙarfi, -11, ko mai sanyi, -19. Idan ana sauraron kundi daga farko zuwa ƙarshe, manhajar tana ɗaukar kundin a dunƙule, sai kiɗa mai sanyi ya zauna da sanyinsa kamar yadda makaɗan suka nufa. Amma a cikin jerin da aka tsinto daga kundaye daban-daban, ko idan an kunna zaɓen barkatai, kowane kiɗa ana auna shi shi kaɗai. Sakamakon haka, kiɗan da aka yi shi a tausashe sai a ɗaga shi gwargwadon hali, na rawa kuma a sauke shi, su zo kusan kai ɗaya. Ga mai aiki da ke son abu ya riƙa gudana a bayansa, wannan ba laifi. Ga mai son ya ji kiɗan da gaske, asara ce. Matakin mai ƙarfi shi ne mafi muni, domin yana matse ƙololuwar sauti, goge ya koma mai kaifi, bugun fiyano ya rasa zagayensa. A zaɓi mai sanyi, a ƙara murya da hannu idan ana buƙata.

Sai haɗe ƙarshen waƙa da farkon ta gaba, wanda ake iya ja har daƙiƙa 12. A mayar da shi sifili. Kusan duk kiɗan falo yana ƙarewa ne da amo ɗaya da ake bari ya mutu a hankali, kuma idan na gaba ya shigo a kansa da wani mabuɗin sauti daban, karon yana da zafi a kunne. A kashe kuma ci gaba da kai, wato saitin da ke kawo waƙoƙi "masu kama" bayan kundi ya ƙare, don yana iya kai mutum ga babbar ƙungiyar makaɗa da tsakar dare. Agogon barci yana aiki yadda ya kamata: daga minti 5 zuwa awa 1, ko ƙarshen waƙar da ake ciki. Zaɓin ƙarshen waƙa ya fi, don ba ya yanke kari a tsakiya.

Game da ingancin sauti, daga cikin matakan akwai kilobit 24, 96, 160 da 320 a daƙiƙa, na ƙarshen ga masu biya kawai. A lissafi, awa ɗaya tana cin kusan megabayit 43 a mataki na 96, 72 a na 160, 144 a na 320. Mataki na 160 ya wadatar ga ƙaramar ƙungiya. A 96, wutsiyar amon fiyano ce ke fara lalacewa, ta yi kamar ana jin ta ta cikin ruwa. Tsarin kyauta yana da talla a tsakanin waƙoƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana shi amfani ga mai neman barci.

Abin da ake saurare da shi ya fi yawan kilobit tasiri. Amo mafi kauri na celo yana wajen hertz 65 (ma'aunin amo; ƙaramar lamba tana nufin amo mai kauri), na babban goge wajen 41, alhali ƙaramin goge bai sauka ƙasa da 196 ba. Lasifikar waya ba ta iya fitar da waɗancan na ƙasa, sai a bar mutum da goge shi kaɗai yana tsiwa, ƙasan kiɗan ya ɓace. Wasu masu cewa kiɗan goge yana gajiyar da su, wataƙila wannan ne dalili. Ƙaramar lasifika mai ɗan jiki ko abin sawa a kunne mai kyau yana warware matsalar. Idan na'urar tana da ƙarin kaurin sauti, a rage shi, don hannun hagu na mai fiyano zai yi gunji.

A zaɓen kiɗa ma akwai tarko. Salut d'Amour na Edward Elgar, na 1888, da Méditation na Jules Massenet, na 1894, suna tafiya a natse daga farko har ƙarshe. Csárdás na Vittorio Monti, na 1904, yana farawa a hankali kamar zai lallashi mutum, sai can ya ɓarke da gudu. Yana cikin jerin "hutu" da yawa, kuma ya kamata a cire shi daga na dare. Haka rawar wals ta Biyana, mai bugu kusan 180 a minti. Tsofaffin faya-fayan Balin na Marek Weber da Dajos Béla suna da daraja sosai, kuma a nan ake jin yadda ake jan gogen tun asali, amma daga faifai mai juyi 78 a minti aka kwaso su, da shuu ɗinsu. A ware musu jeri nasu, domin tsalle daga naɗin zamani mai tsabta zuwa na da yana farkar da kunne kowane lokaci.

Spotify mai biya ta cancanta ga wannan kiɗa idan mutum zai saurari kundi cikakke, ko ya haɗa jerinsa da kansa daga ƙungiya ɗaya ko biyu, kamar kiɗa 15 zuwa 18 don cika awa guda. Rauninta da ya rage shi ne sunaye: wani wuri a sa mawallafi a gaba, wani wuri mai kaɗawa, har kiɗa ɗaya ya shigo jeri sau uku ba a lura ba. Kafin a adana jerin a waya, a tsara shi bisa sunan waƙa a duba maimaici.