Metro ɗin Mosko da karen tashar Mendeleyevskaya

Gaskiya metro ɗin Mosko, wato jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya burge ni, tsaf-tsaf, jirgi baya ɓata lokaci, katin Troika (katin biyan kuɗin shiga jirgi) ɗaya ya ishe ka yawo. Amma abin da ya tsaya min a rai a tashar Mendeleyevskaya yake, mutum-mutumin tagulla na wani karen titi mai suna Malchik da wata mata ta caka wa wuƙa a 2001, jama'a suka haɗa kuɗi aka kafa shi a 2007, zaka ga mutane na shafa hancinsa suna faɗin burinsu wasu na ajiye furanni. Ni dai Allah nake roƙo, amma wallahi tausayin karen ya kama ni. Matsalar kawai cunkoson safe da yamma, kar ka shiga da manyan kaya.