A Yi Hattara da Masu Tallar "Ɗigo Uku, Ruwa Ya Tsarkaka"

Jama'a, akwai wata 'yar kwalba da ake ta tallatawa a Facebook da WhatsApp, wai ɗigo uku a bokiti, minti biyar, duk wata ƙwayar cutar ciki ta mutu har da ƙwayayenta. Don Allah kada ku saya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar da suke rufe tallar da ita: "Uwargida, daga yau kin huta da tafasa ruwa."

Ku lura da bidiyon nasu da kyau. Kofin gilashi ne cike da ruwa mai laka, a ɗiga maganin, a juya da cokali, can sai lakar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau. Wannan ai aikin alam ne, ba wani sabon abu ba. Yana tattara datti ya sauke shi, yana iya jan wasu ƙwayoyin cuta zuwa ƙasa, amma bai kashe su ba. Idan kuma aka buɗe kwalbar, warin kulorin ne yake bugun hanci, mai saye ya ce lallai magani ne mai ƙarfi. A jikin takardar babu sunan sinadari, babu yawansa, babu lambar rajista, sai "yana kashe kashi 99.9" da manyan baƙaƙe. Kashi 99.9 na me? Ba su faɗa ba.

Kulorin yana gamawa da yawancin bakteriya cikin mintuna, wannan gaskiya ne. Amma masu jawo gudawa irin su Cryptosporidium suna fita daga jikin mutum ko dabba a cikin ƙwanso mai tauri. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta nuna cewa wannan ƙwaya tana iya wuce mako guda da ranta a tafkin ninƙaya da aka sa wa kulorin yadda ya kamata. A 1993, mutum sama da 400,000 suka kamu da ita a birnin Milwaukee, ta ruwan famfon da aka riga aka sa wa magani. To ina ga ɗigo uku na abin da ba a san ko mene ne ba? Aidin ma ba abin dogaro ba ne a kanta, haka sanitaiza mai barasa. Wanke hannu da sabulu ya fi.

Zafi ne ke karya wannan ƙwaya. Ruwa ya tafasa sosai, yana ɓulɓula, na minti 1 cur. A wuri mai tudu da ya haura mita 2,000, minti 3. Firij ba ya kashe ta, sanyi ma ƙara mata kwana yake yi. Matatar ruwa tana aiki idan ƙofofinta ba su wuce maikuron 1 ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), tunda girman ƙwayar maikuron 4 zuwa 6 ne kacal. Hasken UV na gaskiya, wato na fitilun da ake kashe ƙwayoyin cuta da su, yana hana ta hayayyafa, amma sai a ruwa mai tsabta, domin laka tana kare ta daga hasken. Nan ma akwai wata damfarar: 'yar tocila mai haske shuɗi-shuɗi da suke haɗawa a matsayin kyauta. Hasken da ke kashe ƙwayar cuta ido ba ya ganinsa, launin fitila ba shaida ba ne.

Kafin ku tura kuɗi, ku tambayi mai tallar sunan sinadarin, yawansa, da wane ɗakin gwaji ya gwada shi a kan Cryptosporidium ko Giardia, wata ƙwayar gudawa mai ƙwanso irinta. Yawanci sai ya turo muku hotunan "shaidar kwastomomi" ko ya daina amsawa.

Wanda ya riga ya saya, ya koma tafasa ruwan sha, musamman na jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, don su ne cutar ta fi kayarwa. Yaron da ke gudawa kamar ruwa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti idan ta ƙi tsayawa. Shafin kuma ku kai ƙararsa ga dandalin da kuka gan shi da hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, ku haɗa da hoton kwalbar.