Kadamon Gwatemala ko na Indiya: wanne ya dace ka saya?

Duk wanda ya sha gahawar Larabawa a Makka ko Madina ya san ƙamshin kadamon, wanda su suke kira hel, mutanen Sudan kuma habbahan. Alhazai kan riƙo shi tsaraba, amma ba kowa ya san cewa kaso mai yawa na wanda ake aunawa a shagunan Saudiyya daga Gwatemala yake fitowa ba, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya da ke kudu da Meksiko.

Asalin tsiron na kudancin Indiya ne. Wani Bajamushe mai gonar kofi, Oscar Majus Kloeffer, shi ya kai irinsa Gwatemala wajen 1914, tsiron kuwa ya karɓi ƙasar. Cibiyar nomansa ita ce lardin Alta Verapaz, kewayen garin Koban, tsaunuka masu sanyi inda yayyafi ba ya rabuwa da gari. Yawancin manoman 'yan ƙabilar Q'eqchi' ne, jikokin tsohuwar al'ummar Maya, masu ƙananan gonaki da ke tsinkar kwanson ɗaya bayan ɗaya da hannu. Abin da ke ba ni mamaki, su kansu ba su cika sa shi a girki ba. Kusan duka waje ake fitarwa, har suna masa kirari da koren zinare.

Na Gwatemala ya fi araha, kuma shi aka fi samu. Ƙamshinsa na da sanyi, ya isa shayin gida da gahawar yau da kullum. Matsalarsa ita ce buhunan sun bambanta ƙwarai: wani kore shar, cike da 'ya'ya, wani ya koɗe, da tabon cin ƙwari a bayansa.

Na Indiya, musamman na gundumar Idukki a jihar Kerala, an san shi da ƙarfin ƙamshi da yawan mai. Indiyawa na cinye mafi yawan abin da suka noma, shi ya sa kuɗinsa ke sama. Ana rarraba shi da girman kwanso, milimita 6, 7 ko 8, kuma farashi na bin girman. Idan na shayin baƙi ne ko tsarabar surukai, a ganina ƙarin kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba.

Akwai kuma baƙin kadamon na Nepal da ake busarwa da hayaƙi. Wannan na miya da nama ne, kada ka kai shi kusa da butar shayi.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka saya da ido kawai. Ka roƙi mai shago ya ba ka kwanso ɗaya ka fasa. 'Ya'yan ciki su kasance baƙaƙe ko masu duhu, da ɗan danƙo, ƙamshin ya bugi hanci nan take. In sun yi fari-fari sun bushe ƙayau, ya tsufa ko an tsinke shi ɗanye. Ka jiƙa yatsa ka murza bayan kwanson, domin wasu na rina shi don ya yi kore. Garin kadamon kuwa ban ba da shawararsa ba: ƙamshinsa na saurin gudu, ba ka kuma san abin da aka haɗa aka niƙa ba.

Ni dai na Gwatemala mai kyau nake ajiyewa don shayin safe, a kwalba mai murfi nesa da rana, sai lokacin dafawa nake daka kwanso biyu ko uku.