Sega a shagon gwanjon Ingila

Assalamu alaikum, mutanen gida. Masu tambayata ko akwai gwanjo a Ingila, akwai, sai dai ba irin na Ƙofar Wambai ba. A nan ƙungiyoyin agaji ne ke da shagunan, irin su Oxfam da aka kafa tun 1942, da British Heart Foundation mai tara kuɗin binciken ciwon zuciya. Kyauta mutane ke kawo kayan da suka gama da su, 'yan sa-kai su jera su sayar, kuɗin ya tafi aikin taimako. Ba a taya kaya, ba a cewa albarka, farashi na manne a jiki.

Rigar sanyi na shiga nema a wani shagon a Birmingham, sai idona ya faɗa kan Sega Mega Drive, na'urar buga gem a talabijin, a cikin akwatin gilashi. Wallahi sai da na tsaya cak. Na'urar da ta fito a Japan a 1988, ta iso Turai a 1990, ga ta a kwalinta na asali, da hannun bugawa guda biyu, da adafta, da ɗan littafin bayani ko yagewa bai yi ba. Gefenta kaset ɗin Sonic da na Street Fighter II, kowanne a gidansa. An manna wa filogin takardar shaidar cewa ma'aikacin lantarki ya gwada ta. Dattijuwar da ke tsaron shagon ta ce wani tsoho ne ya kawo, ta ɗansa ce, tun yaron na firamare take ajiye a ƙarƙashin rufin gidansu. Shekara talatin da ɗoriya! Ban sayi rigar ba, ita na rungumo.

To mu ina namu? Gidaje da yawa a Kano sun ga irin wannan, ko jabun na'urar gem ta Famicom ɗin nan mai kaset rawaya da ake rubuta wasa 9999 a jiki alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Ranar farko kwali ya zama mafici, littafi a ƙunshe gyaɗa da shi, waya ta tsinke a ƙulle da leda, ƙarshe ɗan jari-bola ya ɗora a sikeli. Na san ƙura da zafi da wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi sun kashe da yawa. Amma ba NEPA ce ta yaga kwali ba, rashin adana ne, kuma abin yana ci mini rai.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Tun da aka yi gwanjon wani kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56 a Amurka a 2021, idon kowa ya buɗe. Masu shago sai sun duba eBay, kasuwar intanet, kafin su sa farashi, mai kyau ma can suke kai shi. Ga 'yan kayi-nayi da ke sammako da waya a hannu, su kwashe kafin ka iso. Shagunan kuma wajen ƙarfe biyar sun rufe, daidai lokacin da ma'aikaci ke tashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai, maɓalli ɗaya a hannun bugawar ba ya aiki. Wanda na kai wa ya ce kuɗin aikinsa ya fi kuɗin hannun, in jefar in sayi wani. A Sabon Gari mai gyaran rediyo zai kwance, ya goge, ya ɗaure kana tsaye. Sannan hannu biyu ne, ni ɗaya. Babu yara cunkushe a kan benci kamar a gidan gem, babu mai ihun wanda aka ci ya tashi.

Don Allah duk mai sauran irin waɗannan a ƙasan gado ko a sito, ya cire batir idan akwai, ya kaɗe ƙurar, ya naɗe a tsumma mai tsabta tare da kaset ɗinsa, kada ya ba jari-bola.