Allurar Wegovy: Tana Rage Ƙiba, Amma Mai Ciwon Damuwa Ya Bi A Hankali

Sinadarin semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak yake sarrafawa, ya fara fitowa ne da sunan Ozempic domin masu ciwon suga a 2017, kafin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi da sunan Wegovy domin rage ƙiba a 2021. Allura ce mai siffar biro da ake ajiyewa a firiji, ana yin ta sau ɗaya a mako a fatar ciki, cinya ko dantse, ana farawa da miligiram 0.25 a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa 2.4.

Ingancinta ba abin musu ba ne. A babban gwajin da aka yi na makonni 68, waɗanda aka yi wa ita sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Mutum yakan zauna gaban kwanon da ya saba cinyewa tas, ya ci rabi ya ji ya ƙoshi. Tashin zuciya da gudawa su ne matsalolin da aka fi kokawa da su.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa. A watan Yulin 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta buɗe bincike bayan da ƙasar Aisilan ta kai rahoton wasu masu amfani da irin waɗannan allurai da suka fara tunanin kashe kansu, kuma a Afrilun 2024 ta bayyana cewa hujjojin da ke ƙasa ba su nuna maganin ne sanadi ba. Na gamsu da wannan, amma ban ga laifin masu fargaba ba, domin a 2008 an janye wani maganin rage ƙiba mai suna rimonabant daga kasuwannin Turai saboda jefa mutane cikin tsananin damuwa. Sannan manyan gwaje-gwajen Wegovy ba su ɗauki masu fama da matsanancin ciwon damuwa ko waɗanda suka taɓa yunƙurin halaka kansu ba, alhali su ne suka fi buƙatar tabbaci.

Akwai kuma ranar daina allurar. Waɗanda suka tsaya sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda, kuma dawowar ƙiba bayan an sha yabo tana iya karya zuciyar mutum.

Hukuncina shi ne magani ne mai kyau a hannun likita. Wanda ya taɓa fama da damuwa ko matsalar cin abinci ya faɗa wa likitansa tun kafin allurar farko, kuma idan iyali suka ga ya daina barci ko ya keɓe kansa, a mayar da shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.