Scrivener: Manhajar da Ke Taimaka wa Marubuci Ya Zauna Ya Yi Rubutu Kullum

Littafi mai kalma 80,000, idan aka zuba shi cikin fayil guda aka bar tazara tsakanin layuka, yakan kai kusan shafi 300. Duk ranar da marubuci ya buɗe irin wannan fayil, idonsa kan faɗa a kan abin da ya rubuta watannin baya. Sai ya ga wata jimla ba ta zauna daidai ba, ya tsaya gyara ta, daga ita ya koma ta ƙasanta. Kafin ya gangaro inda ya tsaya jiya, awa ɗayan da ya ware ta ƙare, kuma littafin bai ƙaru da layi ko ɗaya ba. Wannan ciwon ne Scrivener ta zo magancewa, kuma a kansa ya kamata a auna ta.

Kamfanin Literature & Latte da ke Cornwall a Ingila ne ke yin ta. Keith Blount, wanda ya ƙirƙiro ta, malamin makaranta ne da yake son rubuta littafi, ya rasa manhajar da ta dace da shi, ya koyi rubuta manhaja da kansa. Ta fito a 2007 a kwamfutar Mac, ta Windows ta biyo baya a 2011, ta iPhone da iPad a 2016. Siga ta uku, wadda ake amfani da ita yanzu, ta fito a Mac a 2017, a Windows kuma a 2021. Sau ɗaya ake sayen ta, babu biyan wata-wata, sai dai lasisin Mac daban, na Windows daban, na iPhone daban.

Da ka buɗe ta, a hagu za ka ga jerin duk sassan littafinka. Kowane babi jaka ce, kowace fitowa a cikin babin, wato yanki guda na labarin, takarda ce mai zaman kanta. Kana iya jan fitowa daga babi na 12 ka ajiye ta a babi na 4 ba tare da yanka da mannawa ba. Idan kana da tsohon rubutu a Word, sa alamar # a duk inda kake son a raba, manhajar za ta shigo da shi ta yanyanka shi a wuraren. Idan kuma takarda ta yi tsawo, ajiye alamar rubutu a tsakiyarta ka danna Ctrl da K (Cmd da K a Mac), ta rabu biyu. Abin da ya fi dacewa shi ne kowace takarda ta tsaya tsakanin kalma 800 zuwa 1,500, wato aikin zama ɗaya ko biyu. Amfanin wannan a zuciya yake. Wanda ya zauna da niyyar rubuta littafi yakan ji nauyi ya danne shi tun bai fara ba. Wanda ya zauna da niyyar rubuta fitowar da uwa ta gano wasiƙar ɗanta a ƙarƙashin katifa ya san farkon aikinsa, ya san ƙarshensa.

Inda ta fi burge ni shi ne ma'aunin buri, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskuren saiti. Ma'auni biyu ne: na littafin gaba ɗaya, da na zaman rana. Kana rubutu, wani ɗan layi yana cika yana sauya launi har ka kai adadin. Kana iya sa wa'adin gamawa, ka zaɓi ranakun makon da kake rubutu, ita kuma ta raba maka. Kalma 80,000 a wata shida, kwana biyar a mako, kusan kwana 130 ke nan, wato kalma 615 a rana. Shafi biyu da ɗan wani abu. Da yayyafi kogi kan cika, kuma ganin wannan lissafi a fili kan sa mutum ya yarda cewa littafin mai yiwuwa ne.

Amma lissafin yana da ƙaya. Duk ranar da ka tsallake, ana raba bashinta a kan ranakun da suka rage. Idan ka cinye kwana 65 kana da kalma 30,000 kacal, burin rana zai tashi zuwa kusan 770. Ka sake yin rashin lafiya na mako biyu, ya haura 900. Daga nan sai ma'aunin da ya kamata ya ƙarfafa ka ya koma abin da kake gudun kallo, kuma marubucin da ke gudun kallon ma'auni ba da jimawa ba zai daina buɗe fayil ɗin. Shawarata ga mai littafin farko: kada ka sa wa'adi tukuna. Sa adadi tsayayye wanda ko a ranar da ka fi gajiya za ka iya kaiwa, kalma 300 ko 400. Ka riƙe shi mako shida. Idan ka ga kana wuce shi ba wahala, ƙara 100. Wa'adi na wanda ya riga ya san gudun hannunsa ne, ko wanda mawallafi ke jira.

Akwai ƙananan saiti uku a wannan wuri da suke da muhimmanci. Na farko, lokacin da ƙirgar rana ke komawa sifili. Idan kai mai rubutun dare ne kuma aka bar ta a sha biyun dare, zamanka guda zai rabu tsakanin kwana biyu, ka ga kamar ba ka cika buri ba a kowanne. Mai da ita ƙarfe huɗu na asuba. Na biyu, ko a ƙirga rubutun ko'ina a cikin aikin, ko na daftarin littafi kaɗai. Zaɓi na daftari kaɗai, domin idan aka haɗa da bayanan taurari da na bincike, za ka iya cika burin mako guda ba ka taɓa labarin ba. Na uku, kalmomin da ka goge ana cire su daga ƙirgar rana. A lokacin rubutun farko wannan alheri ne, don yana hana ka komawa baya kana goge-goge. A lokacin bita kuwa ba shi da amfani ko kaɗan: ranar da ka yanke kalma 2,000 marasa aiki ita ce ranar da ka fi yi wa littafin hidima, amma ma'auni zai nuna ka ci baya. Idan ka shiga bita, rufe ma'aunin kalmomi, ka koma ƙirga fitowar da ka gama gyarawa.

Siga ta uku tana kuma ajiye tarihin rubutu: kalmomin kowace rana, jimillar wata, da matsakaicin abin da kake yi. Bayan wata biyu ka duba shi da idon basira. A nan ne mutum kan gane cewa ranar da yake ɗauka ta hutu ce ya fi rubutu, ko kuma cewa duk zaman da ya yi na kalma 2,500 kwana uku na shiru ne ke biyo bayansa. Wanda ya ga haka a rubuce yakan daina jiran ranar da ilhama za ta sauko.

Tsoron ɓata abin da aka riga aka rubuta yana hana marubuta da yawa yin gyara mai zurfi. Suna shafa jimloli a sama-sama alhali fitowar rushewa take bukata. A nan manhajar tana da abin da nake ganin ya isa dalilin sayen ta. Kafin ka taɓa takarda, danna Ctrl da 5 (Cmd da 5 a Mac), za a ajiye kwafinta yadda take a wannan lokacin, da kwanan wata. Sai ka rushe ta son ranka. Daga baya kana iya jera tsohuwar da sabuwar, ta nuna maka da launi abin da ka ƙara da abin da ka cire, kuma idan tsohuwar ta fi, dannawa ɗaya za ta dawo. Sai dai a lura, waɗannan kwafi a cikin aikin suke zaune. Idan aikin ya lalace, tare za su tafi.

Akwai yanayin rubutu da ke rufe komai a fuskar kwamfuta, ya bar ka da farar takarda kawai. Yana aiki, amma sai ka haɗa shi da wata ɗabi'a: duk inda ka rasa suna ko shekara ko nisan wani gari, rubuta XX ka wuce, kada ka buɗe intanet. A ƙarshen mako ka nemo XX a cikin aikin gaba ɗaya, duk takardun da ke da shi za su jeru, ka cike su a zama ɗaya. Mai rubutu da Hausa kuma ya kashe mai duba kuskuren haruffa tun ranar farko, in ba haka ba kusan kowace kalma za ta sha jan layi, kuma jan layi yana tayar da mai gyara a cikin kai a lokacin da ba a bukatarsa. Ya kuma kula da saitin da ke lanƙwasa alamar zance da kansa, don yakan juya wakafin da ke farkon 'yan da 'ya'ya ta fuskar da ba daidai ba.

Yanzu ga babban aibinta, kuma ina faɗarsa da gaske: Scrivener tana ba mai jinkiri wurin ɓuya. Akwai allon katuka inda kowace fitowa ke da katinta, akwai launuka na taurari, akwai alamomi, akwai mai ƙirƙiro sunaye, akwai jakar bincike da ke ɗaukar hotuna da shafukan intanet. Mutum na iya kwashe mako uku yana tsara waɗannan, yana jin yana aiki, littafin kuwa yana nan inda yake. Littafin jagorar manhajar ɗaruruwan shafuka ne. Kada ka karanta shi. Yi darasin gwaji da ke cikinta, wanda bai wuce aikin yini ɗaya ba, ka tsaya nan. Daga katukan, abu ɗaya kake bukata: kafin ka tashi daga zaman yau, buɗe takardar gobe ka rubuta layi biyu a katinta, wa ke ciki, me yake so, me zai hana shi. Gobe ba za ka tarar da fili fetal ba. Matakan aiki ma, wato alamomin da ke nuna inda kowace takarda ta kai, kana iya sauya musu suna zuwa naka, kuma uku sun isa: ba a fara ba, daftari, an gyara.

Maganar ajiya tana bukatar natsuwa, don a nan ake asarar da ba ta dawowa. Manhajar tana adana rubutu da kanta bayan daƙiƙa biyu da ka ɗaga hannu, kuma duk lokacin da ka rufe aiki tana yin kwafin ajiya. Amma yadda ta zo, kwafi biyar na ƙarshe kawai take riƙewa, kuma a kan kwamfutar da kake aiki. Idan wata rana ka buɗe ka ga babi ya ɓace, ka ruɗe kana rufewa kana buɗewa, kowace rufewa tana ture kwafi mai kyau guda ta maye shi da marar kyau. Sau biyar, shi ke nan. Don haka tun ranar farko ka ɗaga adadin zuwa 25, ka sa a riƙa rubuta kwanan wata a sunan fayil, ka mai da wurin ajiyar zuwa wani ma'aji na daban. Kuma in ka ga matsala, kada ka rufe aikin sai ka kwafe jakar ajiyar zuwa wani wuri.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne aikin Scrivener ba fayil ɗaya ba ne, jaka ce mai ƙananan fayiloli masu yawa da suka dogara da juna. Shi ya sa kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kan ajiye aikin da ake kai a Google Drive. Dropbox, wani ma'ajin fayiloli na intanet, shi ne hanyar haɗa kwamfuta da iPhone, kuma ko shi sai ka rufe aikin a na'ura ɗaya, ka jira ya gama ɗorawa, sannan ka buɗe a ɗayar. Babu sigar Android. Wanda wayar Android ce teburin rubutunsa, wannan manhaja ba tasa ba ce, kuma gara ya sani tun kafin ya saya.

Sashen fitar da littafi, wanda a menu aka rubuta Compile, shi ne mafi wuyar koyo. Yana haɗa takardunka ya fitar da fayil na Word ko PDF ko EPUB (tsarin littafin da ake karantawa a na'ura), amma sai ka gaya masa wace takarda ce babi, wace ce fitowa, da yadda kowace za ta fito. Sabon shiga yakan tarar da lambobin babi sun ninku ko kanun sun ɓace. Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar ka kai babi uku, gwada fitarwa, ka gyara saitin tun aikin yana ƙarami. Bayan haka, editoci da Word suke aiki, kuma Scrivener ba ta bin sawun gyaran edita yadda Word ke yi, ba a kuma iya rubutu mutum biyu a lokaci ɗaya. Idan littafi ya tafi hannun edita, bar shi a Word har ƙarshe.

Mai gajerun labarai ko maƙala ba ya bukatarta. Wanda ke da dogon aiki, kalma 40,000 zuwa sama, yana da kwamfuta, kuma matsalarsa ita ce ɓacewa a cikin rubutunsa, zai ci moriyarta sosai. Gwajinta na kyauta kwana 30 ne na amfani, ba na kalanda ba, wato ranar da ba ka buɗe ta ba ba a ƙirga ta. Ware rana ta farko don darasi da saitin ajiya, sa burin kalma 300, ka yi rubutu a sauran kwana 29. Idan ka cika burin kullum za ka sami kalma 8,700, kusan babi uku, kuma tarihin rubutunka zai nuna maka ko ta yi maka aiki kafin ka biya.